Laftof a Wurin Biki, Kwamfutar Tebur a Shago: Lasisi Nawa Mai Bidiyo Yake Buƙata?

Aikin bidiyo a Ƙaraye da Rogo hawa biyu ne. Hawan farko a fili ake yin sa: ɗaurin aure a Zarewa, saukar karatu a Turawa, hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Ƙaraye, ko taron siyasa a sakatariyar ƙaramar hukuma. Nan kyamara ce da laftof a jaka. Hawa na biyu a shago ake yin sa, a kan kwamfutar tebur mai ƙarfi, inda ake yanka hoto, a jera shi, a sa sunan ango da amarya, a daidaita sauti. Daga nan ne tambayar da masu wannan sana'a suke yawan yi take tasowa: idan na sayi manhajar tace bidiyo guda ɗaya, zan iya sa ta a kwamfutocin nan biyu, ko sai na biya sau biyu?

Amsar a taƙaice ita ce, yawanci ba sai ka biya sau biyu ba. Kai, a mafi yawan lokuta ma laftof ɗin da kake ɗauka da shi ba ya buƙatar manhajar kuɗi ko ɗaya. Amma akwai sharuɗɗa a ciki, kuma rashin sanin su ne yake sa manhaja ta kulle kanta ana saura kwana biyu ka miƙa aiki, ko kuma bidiyon bikin mutane ya salwanta gaba ɗaya. Bari mu bi abin daki-daki.

Da ka biya kuɗi, me ka saya?

Ka ɗauki misalin wanda ya karɓi hayar fadama a gefen dam ɗin Challawa don noman rani. Tumatirin da ya noma nasa ne, ya sayar yadda ya ga dama. Ƙasar kuwa ta mai ita ce, kuma shi yake gindaya sharaɗi: daga nan zuwa nan, daga wata kaza zuwa wata kaza, kada ka ba wani haya a kan hayata. To haka manhaja take. Bidiyon da ka haɗa da ita naka ne. Ita kanta manhajar ta kamfanin da ya rubuta ta ce, abin da ka saya izinin amfani ne. Wannan izini shi ake kira lasisi, kuma sharuɗɗansa su ne dogon rubutun Turancin nan da kowa yake danna amincewa a ƙasansa ba tare da ya karanta ba.

Doka ma haka ta ɗauki abin. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta sa manhajar kwamfuta cikin rubutattun ayyukan da take karewa, kamar yadda take kare littafi. Ta kuma haramta fasa makullin fasaha da mai aiki ya sa don kare aikinsa. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa ce take kula da wannan. Kada ka haɗa shi da rajistar da masu harkar fim suke yi da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano. Waccan izinin sana'a ce, wannan kuwa izinin kayan aiki.

Lasisinka wa yake bi?

Kafin ka raba aiki tsakanin kwamfutoci biyu, tambaya ɗaya za ka yi: lasisin nan na'ura yake bi, ko mutum, ko makulli?

Akwai mai bin na'ura. Misalin da kowa ya sani shi ne Windows ɗin da yake zuwa a cikin laftof daga kamfani. A jikin wannan laftof aka haife shi, a jikinsa zai mutu. Ba ka da izinin cire shi ka mayar kan kwamfutar tebur da ka haɗa da kanka.

Akwai mai bin mutum, kuma nan manyan manhajojin tacewa suka fi yawa. Adobe, mai Premiere Pro, ya daina fitar da sabuwar fitowarta ta saye-sau-ɗaya tun 2013, ya koma haya ta wata-wata ko shekara-shekara. Ƙa'idarsa ga mutum ɗaya ita ce: ka girka manhajar a kwamfutoci ko nawa ne, ka shiga da asusunka a guda biyu, amma ka yi aiki a guda ɗaya a lokaci guda. Ka ga kenan laftof da kwamfutar tebur duk sun shiga cikin lasisi ɗaya. DaVinci Resolve Studio na kamfanin Blackmagic Design da ke Ostireliya shi kuma sau ɗaya ake biya, dala 295, kuma lambar da za a ba ka tana buɗe kwamfuta biyu.

Na uku shi ne mai bin makulli. Wani ɗan abu ne mai kama da filash, duk kwamfutar da ka soka shi a jikinta ita ce mai lasisi a wannan lokacin. Blackmagic ya daɗe yana sayar da Resolve Studio a wannan siga ma. Daɗinsa ba ruwansa da intanet. Matsalarsa kuwa, in ya faɗi a hanyar Fulatan kana kan babur, lasisin ya faɗi tare da shi.

Sai kuma rukunin da ba ya ƙirga komai, wato manhajojin da masu su suka buɗe wa kowa a ƙarƙashin lasisin GPL. OBS Studio, Shotcut, Kdenlive da HandBrake duk nan suke. Ka sa su a kwamfuta goma, ka yi aikin kuɗi da su, ka kwafa wa maƙwabcinka a filash, duk halal ne, lasisin ne da kansa ya ba ka wannan dama. Sharaɗinsa ya fi shafar wanda ya gyara manhajar yana so ya raba ta, ba kai mai amfani ba.

Inda yawancin shaguna suke tuntuɓe

Ka lura da kalmar nan "mutum". Kujeru biyun da Adobe ya ba ka, kai ɗaya ya ba wa, don ka riƙa tashi daga wannan ka koma waccan. Idan kana Rogo kana yanka gajeren bidiyo a laftof don a sa a Facebook kafin a watse, yaronka kuma yana shago a Ƙaraye yana tace bikin makon jiya da asusun naka, mutum biyu ne suke cin lasisin mutum ɗaya. Wannan ya saɓa yarjejeniyar ko da manhajar ba ta yi ƙorafi a take ba. Shagon da yake da editoci biyu masu aiki lokaci guda, lasisi biyu yake buƙata, ko tsarin da kamfanin ya ware wa ƙungiyar ma'aikata, inda mai shago yake riƙe da kujerun, ya ba wanda ya so, ya karɓe ranar da yaro ya kama gabansa.

Wannan batu na ƙarshe ba ƙarami ba ne. Idan da imel ɗin yaron shago aka buɗe asusun, a idon kamfani lasisin nasa ne, ko da kuɗinka aka biya. Ranar da aka yaye shi ya buɗe nasa wurin, da lasisin zai tafi. Don haka imel da lambar waya su zama naka, ko na shagon.

Ta yaya manhaja take gane kwamfutarka?

Mutane da yawa suna ɗauka lambar lasisin ce kaɗai take aiki. Abin ya wuce haka. Lokacin da ka shigar da lambar ko ka shiga asusunka, manhajar takan karanta wasu lambobi da suke jikin kayan cikin kwamfutar: na babban allon da komai yake zaune a kansa, wato madabod, na furosesa, na ma'adanar bayanai, wani lokaci da na katin sadarwa. Sai ta zuba su cikin wani lissafi da yake dunƙule su ya fitar da gajeriyar lamba guda. Lissafin yana da hali biyu: kayan ciki iri ɗaya kullum lamba ɗaya suke bayarwa, sannan daga lambar ba a iya komawa baya a gano kayan. Wannan lamba ita ce zanen yatsan kwamfutarka. Microsoft ne ya yaɗa wannan dabara ga jama'a da Windows XP a 2001.

Manhajar sai ta aika zanen yatsan zuwa babbar kwamfutar kamfanin ta intanet. Can za a duba: lasisin nan yana da sauran kujera? In akwai, sai a dawo maka da ɗan fayil mai ɗauke da zanen yatsan da ranar ƙarewa, an buga masa hatimin lissafi. Kamfanin kaɗai yake da mabuɗin buga hatimin, amma manhajar da ke hannunka tana da abin gane na gaskiya da na jabu. Shi ya sa in ka kwafi fayil ɗin zuwa wata kwamfuta ba ya aiki, zanen yatsan bai dace ba. In ka taɓa ranar da ke ciki kuma, hatimin ya lalace.

Fahimtar wannan tana warware abubuwa uku da suke faruwa a shagunanmu. Na ɗaya, idan wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona madabod aka canza shi, a idon kamfani sabuwar kwamfuta ce, tsohuwar kuma tana nan riƙe da kujera. Na biyu, in za ka goge kwamfuta a sake mata Windows, ko za ka sayar da ita, fara fita daga asusunka ko ka sauke lasisin tukuna. Masu Adobe suna iya cire tsohuwar kwamfuta daga shafin asusunsu ko da ta mutu. Na uku ya shafi kwamfutocin tokumbo da ake sarowa daga Kano. A kan madabod akwai ɗan batiri mai faɗin kwabo da yake riƙe agogo idan an kashe wuta. In ya mutu, kwanan wata yakan koma shekarun baya, manhajar ta ga lissafin ranaku bai yi daidai ba, ta ƙi buɗewa. Kafin ka zargi lasisi, duba agogon da ke kusurwar allo. Sau da yawa batirin nan ne, kuma ba shi da tsada.

In babu intanet fa?

Lasisin haya sai ya riƙa gaisawa da gida. Manhajojin Adobe sukan nemi tabbatar da lasisi duk kwana 30. Mai biyan shekara yana da sararin da ya kai kwana 99 ba tare da intanet ba, mai biyan wata-wata kuwa kwana 30 ne. Kwamfutar tebur da take shago ba a taɓa haɗa ta da intanet ba, wata rana za ta wayi gari a kulle. Maganin mai sauƙi ne: sau ɗaya a wata ka kunna mata intanet daga wayarka, ka buɗe manhajar na ɗan lokaci. Laftof kuma ka yi masa haka kafin ka fita aiki ƙauyen da sabis yake wuya.

Haya tana da wani rauni da ya kamata ka sani. A watan Oktoba na 2019 Adobe ya sanar da cewa zai rufe dukkan asusun da ke ƙasar Benezuwela saboda takunkumin Amurka. Daga baya ya samu izini ya janye, amma darasin ya fito: abin da kake haya ana iya yanke maka shi saboda dalilin da ba ka da hannu a ciki. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan lokacin da bankuna suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira a 2022, masu biyan wata-wata suka shiga neman hanyar dala.

Laftof ɗin ɗauka bai ci kuɗin lasisi ba

Yanzu mu koma filin biki. Me laftof yake yi a can? Ɗaya daga cikin abu biyu ne.

Idan kyamararka a memori take ajiyewa, kamar yadda kusan duk na yanzu suke yi, to ita ta riga ta gama ɗaukar. Aikin laftof kwafe fayil ne kawai daga memori zuwa ma'adana, kuma kwafe fayil ba ya buƙatar manhajar kowa.

Idan kuma hoton kake jawowa kai tsaye daga kyamara ta wayar HDMI, ko kana haska tafsiri ko taro a Facebook, ko kana juyar da tsohon kaset ɗin bikin iyayen wani zuwa fayil, to ɗan akwatin da yake karɓar hoto ya miƙa wa laftof ta USB kake buƙata, tare da manhajar naɗa. OBS Studio, wadda ta fito tun 2012, don wannan aiki aka gina ta, kuma kyauta ce. Yawancin ƙananan akwatunan nan kwamfuta tana ganin su ne kamar kyamarar hira, ba sai an girka musu komai ba.

Ga wata dabara da ta dace da yanayin wutarmu. A OBS, ka zaɓi ajiyewa a MKV maimakon MP4 na gargajiya. Shi MP4 sai a ƙarshen naɗi yake rubuta jadawalin da yake nuna inda kowane hoto yake a cikin fayil. In batiri ya mutu ko laftof ya sandare kafin ka danna tsayawa, jadawalin bai samu ba, awa biyun da ka ɗauka ba za su buɗu ba. MKV kuwa yana rubutawa yana tafiya, abin da za ka rasa daƙiƙu ne na ƙarshe. Bayan an gama, OBS ɗin da kanta tana juyar da shi zuwa MP4 cikin ɗan lokaci, hoton bai ragu da komai ba.

Ka kuma yi lissafin wuri tun daga gida. In kana ɗauka a kan megabit 25 a daƙiƙa, ka ninka da daƙiƙa 3,600, ka raba da 8: awa ɗaya ta ci kusan gigabait 11. A megabit 50, kusan 22 da rabi. Filash ɗin da aka tsara da tsohon tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4, ko da akwai wuri fal. Ka tsara ma'adanar da kake jigila da ita da exFAT ko NTFS.

Ka ga idan laftof yana ɗauka da OBS, kujerar lasisinka ta biyu ta huta. Kuma yaronka yana iya ɗauka a fili kai kana tacewa a shago a lokaci guda, ba a taka yarjejeniyar kowa ba.

Lasisin da yake ɓoye a cikin fayil

Wataƙila ka taɓa kawo bidiyo daga wayar abokin ango, ka sa a kwamfutar tebur, sauti ya fito hoto ya ƙi. Wannan ma batun lasisi ne, amma na wani gida daban.

Ɗanyen bidiyo yana da girman da ba ya ɗaukuwa, dole a matse shi. Dabarar matsewa da warwarewa ita ake kira kodek. Biyu da suka fi yawa su ne H.264, wanda aka kammala a 2003, da ƙaninsa H.265 na 2013, mai matsewa fiye da shi. Dabarun da ke cikinsu kamfanoni da yawa ne suka yi musu rajistar ƙirƙira, duk mai sa su a na'ura ko manhaja sai ya biya. Shi ya sa Windows ba kullum yake zuwa da H.265 ba, Microsoft yana sayar da shi daban a kan abin da bai kai dala ɗaya ba. Wayoyin iPhone kuwa tun 2017 da shi suke ɗauka in ba ka canza ba. Mafita biyu ce: ka saita kyamara ko wayar ta ɗauka da H.264 tun farko, ko ka juyar da fayil ɗin da HandBrake kafin ka fara tacewa. Gwada fayil ɗin minti ɗaya daga fili zuwa shago kafin ranar biki ya fi duk wani bayani.

Haka waƙa. Lasisin manhaja bai ba ka izinin waƙar da ka ɗora a kan bidiyo ba. Waƙar mawaƙi haƙƙinsa ce, kuma YouTube da Facebook suna da na'urar da take gane ta, su kashe sautin ko su karkatar da kuɗin talla zuwa mai ita.

Batun fasasshiyar manhaja

Mu faɗa wa juna gaskiya, yawancin kwamfutocin da suke shagunanmu da manhajojinsu aka sayo su, mai gyara ya loda komai a kan 'yan kuɗi kaɗan. Rahoton da ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA ta fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ke kwamfutocin Najeriya ba su da lasisi, alhali a duniya baki ɗaya kashi 37 ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, ana sayarwa da dala, mu kuma da naira muke samu.

To amma me "fasawa" take nufi? Ka tuna wurin da manhaja take duba hatimi. Mai fasawa yakan shiga cikinta ya canza wannan wurin, ta yadda kullum amsar za ta zama "e". Ma'ana, wani da ba ka sani ba ya buɗe cikin manhajar ya yi rubutu. Wanda ya iya cire abu, ya iya ƙara abu. Kuma umarnin farko da ake ba ka wajen girkawa shi ne ka kashe manhajar tsaro, wato kai da hannunka ka kori mai gadi.

Akwai wata muguwar manhaja mai garkuwa da fayil da ake kira STOP ko Djvu, wadda ta bazu tun ƙarshen 2018, kuma babbar hanyarta ita ce fasassun manhajoji. Tana shiga sai ta kulle hotuna, bidiyo da takardu da lissafin sirri, har da na ma'adanar da take soke a jikin kwamfutar a lokacin. Sai ta bar wasiƙa tana neman kuɗin fansa, wanda a baya dala 980 ne, ko 490 in an tuntuɓi masu ita cikin awa 72. Sau da yawa tana zuwa da 'yar rakiya mai kwashe kalmomin sirrin da ka ajiye a burauza. Idan daga sabar masu ita aka ba ta mabuɗin kullewar, babu mai gyaran da zai buɗe maka, a Kano ko a ko'ina.

A nan ne sana'ar bidiyo ta bambanta da sauran. Mai buga takardu in fayil ya ɓata zai sake bugawa. Kai kuwa ba a sake ɗaurin aure saboda mai bidiyo, ba a sake saukar karatu, kuma tsohon da ya yi wa jikarsa addu'a a gaban kyamararka wataƙila ba zai ga wata shekarar ba. Abin da yake cikin ma'adanarka amanar mutane ce. A gari kamar Ƙaraye ko Rogo, inda kowa ya san kowa, labarin bidiyon biki ɗaya da ya ɓata ya isa ya rufe shago.

Akwai kuma ƙaramar matsala ta kullum. Fasassun manhajoji ba a sabunta su, sai ka tarar laftof yana da fitowar bana, kwamfutar tebur tana da ta shekara uku baya. Aikin da ka fara a sabuwa ba ya buɗuwa a tsohuwa. Ko da lasisi kake aiki, ka tabbata fitowa ɗaya ce a kwamfutocin biyu.

To wanne za ka ɗauka?

Ya danganta da ƙarfin kwamfutarka da na aljihunka. In kwamfutar tebur ɗinka tana da RAM gigabait 16 da katin hoto mai kyau, DaVinci Resolve na kyauta ya ishe ka. Kamfanin ne da kansa yake bayar da shi, ana aikin kuɗi da shi, ba ya buga tambari a kan aikin yau da kullum, kuma yana fitar da hoto har girman 3840 da 2160, wanda ya wuce abin da yawancin masu biki suke nema. In kwamfutar ba ta kai nan ba, Kdenlive ko Shotcut sun fi sauƙin ɗauka, kuma duka biyun suna iya yin ƙananan kwafin bidiyo marasa nauyi ka yi yanka da su, sai wajen fitarwa su koma kan na asali.

Ka yi hattara da kalmar "kyauta", domin iri-iri ce. Filmora ta gwaji tana buga tambarinta a kan bidiyon da ka fitar. CapCut tana da sauƙi, amma wasu kayan cikinta na masu biya ne, kuma ba duk waƙoƙin cikinta aka yarda a yi aikin kasuwanci da su ba.

In kuwa aikinka ya haɗa ka da editocin Kano da suke musayar aiki a Premiere Pro, to biyan hayar yana da hujja. Sai dai ka yi lissafi: kuɗinsa dala 20 da ɗoriya ne a wata, wato hayar wata 13 ta kai kuɗin Resolve Studio na dindindin. Ka kuma duba wane tsari kake dannawa. Akwai na shekara da ake biya wata-wata, wanda in ka fasa bayan kwana 14 za a caje ka rabin abin da ya rage. A kan yadda ake ɓoye wannan sharaɗi ne hukumomin Amurka suka kai Adobe kotu a watan Yuni na 2024. Ga mai sana'ar da kasuwarta take buɗewa bayan kaka da lokutan Sallah, ta yi sanyi da damina, tsarin wata-wata zalla yana iya fin sauƙi ko da kuɗin watansa ya fi yawa, tunda kana iya tsayawa lokacin da babu aiki.

Kowanne ka zaɓa, ka sauko da shi daga shafin masu shi, kada ka karɓa a filash ɗin da ba ka san inda ya kwana ba. Ka rubuta lambar lasisi da imel ɗin asusun a littafin shago. Sannan kada ka goge memorin kyamara sai bidiyon ya zauna a wuri biyu, ɗayansu ma'adanar da kake cirewa ka sa a durowa da zarar an gama kwafa. Manhajar garkuwa ba ta iya taɓa abin da ba ya jikin kwamfuta, haka ma wutar da ta zo da ƙarfi.

Canza manhaja yana cin lokaci, hannu sai ya saba. Kada ka gwada a tsakiyar aikin mutane. Ka bari sai damina ta sauka, biki ya ja baya, ka ɗauki tsohon aiki guda ka sake haɗa shi daga farko a sabuwar manhajar. Kafin kaka ta zo hannunka ya faɗa.